Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to amma waye mai ita ɗin?

Rannan da daddare na shigo gida na tarar da yaran yayata sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon katun ɗin nan na zaki, The Lion King, an zo daidai wajen da gyadon nan da ɗan mitsitsin abokinsa suke tafe cikin daji suna waƙa, su kuma yaran suna ta amshi "awimbawe awimbawe" har da kaɗa kai. Na tambayi babban cikinsu nace kai waƙar waye wannan? Ko ɗago kai bai yi ba yace ta Disney ce mana Kawu. Ban ga laifinsa ba, don ni ma da girmana na daɗe ina ɗauka haka take, ko dai ta wasu Turawa ce can. Ashe waƙar ta girmi katun ɗin da shekara 55, kuma wanda ya ƙirƙire ta Bazulu ne ɗan Afirka ta Kudu da ya mutu ba a iya sai masa ko dutsen kabari ba.

Mu dai Hausawa mun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To a kasuwar kiɗa ta duniya kalmar "mai ita" ɗin nan ita ce duk rigimar, domin mutum uku ne kan iya ɗaga hannu su ce tasu ce: wanda ya tsara ta, wanda ya fara rera ta a faifai, da wanda sunansa ke kan takarda. Wani lokaci mutum ɗaya ne duka ukun, sau da yawa kuwa ba haka bane, kuma kuɗi na ukun nan suke bi, sauran biyun sai dai abin da Allah ya tsaga.

Bari mu fara da ta zakin tunda ita ta jawo maganar. Sunan mutumin Solomon Linda, an haife shi a 1909 a karkarar Natal, yana yaro kiwon shanu yake yi. Ya taho Johannesburg ci-rani kamar dubban 'yan uwansa, da rana aikin ƙarfi da daddare waƙa, shi da abokansa suka haɗa ƙungiya mai suna Evening Birds, suna cin kwalliya da kwat da hula suna shiga gasar waƙa a masaukan ma'aikata. A 1939 wani mai farauto wa kamfanin Gallo mawaƙa, Griffith Motsieloa, ya shigar da su situdiyo suka ɗauki waƙar da suka kira Mbube, wato zaki a yaren Zulu. Faifan garmaho ne irin mai gudu 78 ɗin nan, wanda in ya faɗi ƙasa ya tarwatse kamar tangaran.

Waƙar na nan a YouTube, in kana da data dan Allah ka sa abin kunne ka saurara. Da farko abin da zaka ji shi ne ƙarar faifan, shuuu kamar ana suyar ƙosai a maƙota, sai muryoyin maza masu kauri su shigo daga ƙasa suna maimaita abu ɗaya, shi kuma Linda yana can sama da siririyar murya yana yawo a kansu, yana kuka yana guɗa, ba wata doguwar magana a ciki. Zaka yi ta jira kana cewa to ina waƙar da na sani? Sai dab da ƙarshe, kamar an tsikare shi, ya saki wani ɗan karin murya da bai wuce numfashi biyu ba, kuma wallahi kana ji zaka gane shi, shi ne dai wanda duniya ke rerawa yau da baitin Turanci. Nan take ya zo masa a gaban makirfo, faifan ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Faifan ya yi kasuwa sosai, an sayar da wajen kwafi 100,000 a shekarun 1940, har sunan waƙar ya zama sunan salon kiɗan gaba ɗaya, wanda daga baya ya haifi irin waƙar da Ladysmith Black Mambazo suka yi suna da ita. Abin da aka ba Linda a kan haƙƙin waƙar sule 10 ne. Rabin fam kenan, wanda ya san kuɗin da zai gane, lokacin da aka yi canji a Najeriya a 1973 sule goma ita ce ta koma naira ɗaya. Aka kuma ba shi aiki a kamfanin, yana shara yana jera faya-fayai a kwali.

Daga nan faifan ya tsallaka Amurka cikin wasu da aka aika wa kamfanin Decca, ya faɗo hannun Alan Lomax mai tattara waƙoƙin gargajiya, shi kuma ya kai wa abokinsa Pete Seeger. Seeger ya saurara ya ji ana cewa "uyimbube", ma'ana kai zaki ne, kunnensa na Bature ya jiyo masa "wimoweh", shikenan sunan ya bi ta. Ƙungiyarsa The Weavers suka ɗauke ta da manyan kayan busa, ta shiga sahun waƙoƙin da ke tashe a 1952. A jikin faifan kuma aka rubuta cewa wani Paul Campbell ne ya tsara ta. Babu wani Paul Campbell a duniyar nan, sunan bogi ne da suke liƙa wa waƙoƙin da suke ɗauka na gargajiya ne marasa mai su, don kason marubuci ya samu aljihun da zai faɗa.

Nan ne ya kamata mu ɗan tsaya mu warware yadda abin yake aiki, don in ba a gane wannan ba sai a ɗauka duk labarin sata ce irin ta ɓarawon tsakar dare, alhali yawancinsa da rana tsaka aka yi shi da lauya da sa hannu.

Kowace waƙa da kake ji a waya dukiya biyu ce a haɗe. Akwai ita kanta waƙar, wato baitoci da karin muryar, wannan ta marubuci ce da kamfanin da ke riƙe masa takardu yana karɓo masa kuɗi, kamar dillali. Sannan akwai ɗaukar da aka yi, wannan murya a wannan rana a wannan situdiyo, ita kuma yawanci ta kamfanin faifai ce. Idan wani ya zo ya sake rera waƙarka daga farko da muryarsa da makaɗansa, bai taɓa ɗaukarka ba ko kaɗan, waƙar kawai ya taɓa. Don haka marubuci ne za a biya. Kai da ka fara rera ta, in ba kai ka rubuta ba, ko ka rubuta amma ka sayar, ko sisi ba a binka ba ka bin kowa.

Kuma a Amurka tun dokar 1909, da zarar waƙa ta fita kasuwa kowa na da damar ya sake ɗaukarta ba sai ya nemi izinin kowa ba, abin da ke kansa kawai ya biya kuɗin da doka ta yanka a kan kowane kwafi. Santi 2 ne a lokacin, kuma haka ya zauna santi 2 ɗin nan har 1978, kusan shekara saba'in ba a motsa shi ba. An yi dokar ne don kar kamfani ɗaya ya mamaye waƙoƙi ya hana kowa, niyya mai kyau, amma abin da ta haifar shi ne ƙaramin kamfani ya fitar da waƙa yau tana ɗan motsi, sati biyu babban kamfani ya sa nasa mawaƙin ya maimaita ta, yana da gidajen rediyo yana da motocin rarraba kaya yana da shaguna a ko'ina, kafin na farko ya farga an shanye kasuwar.

Sai ka haɗa da wariyar launin fata. A Amurkar wancan zamani jadawalin waƙoƙin baƙar fata daban yake, gidajen rediyon da ke sa su daban, har 1949 mujallar Billboard da sunan launin fata take kiran wannan jadawali. Shi ya sa Pat Boone ya yi ta ɗaukar waƙoƙin su Fats Domino da Little Richard yana wanke su yana goge su yana kai wa iyayen yaran Turawa abin da ba zai tayar musu da hankali ba. Hound Dog da kowa ya sani da Elvis Presley, Big Mama Thornton ce ta fara ɗaukarta a 1952, ta fito 1953 ta yi sati 7 a saman jadawalin baƙar fata. A bakinta waƙar tana da ma'ana sarai, mace ce ke korar wani ɗan cima-zaune da ya maƙale mata yana cinye mata abinci, tana yi tana gurnani kamar zata fito daga cikin faifan ta shaƙe shi. Elvis a 1956 ya ji wata sigar barkwanci da wata ƙungiya ke yi a Las Vegas, ita ya ɗauka, baitocin sun koma kamar da kare na gaske ake magana, amma ta yi sati 11 a lamba ɗaya. Thornton ta sha faɗa cewa dala 500 kacal ta taɓa gani a kan waƙar. Waɗanda suka rubuta ta, Jerry Leiber da Mike Stoller, samari ne 'yan shekara 19 a lokacin, su suka ci moriyar Elvis.

Abin na iya juyawa ta ɗaya gefen ma. Respect ta Otis Redding ce, 1965, namiji ne ke cewa in ya dawo gida a girmama shi. Aretha Franklin ta ɗauke ta a 1967 ta juya ta gaba ɗaya, ta ƙara mata abubuwan da yau su ne waƙar, irin jero haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, ta zama taken mata da na masu neman 'yanci. Gaskiya ni a wajena tata ta fi, nesa ba kusa ba, kuma anan karin maganar tamu ta sha ƙasa. Amma a takarda marubuci Otis ne shi kaɗai, kuma gidajen rediyon Amurka na gargajiya marubuci suke biya ba mai rerawa ba, har gobe haka dokar take, don haka duk sanda aka sa muryar Aretha a rediyo can kuɗin gidan Otis suke tafiya.

Wadda ta gane karatun tun da wuri ita ce Dolly Parton. Ita ta rubuta I Will Always Love You ta fitar a 1974, sallama ce take yi wa ubangidanta a sana'a Porter Wagoner, a hankali take rera ta kamar mai magana, ba irin ɗaga muryar nan ba. Elvis ya so ya ɗauka, manajansa Kanar Tom Parker yace sai dai a ba su rabin haƙƙin waƙar, haka suke yi wa kowa. Ka lura doka bata ce sai an ba su ba, ciniki ne kawai, in kana son sarki ya rera waƙarka ka kawo rabi. Dolly tace a'a, ta faɗa da bakinta cewa kwana ta yi tana kuka. Shekara 18 bayan nan Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard a 1992, ta yi sati 14 a lamba ɗaya, yau in ka tambayi mutum goma tara zasu ce ta Whitney ce, kuma Dolly ko a jikinta, tunda kowane kwafi da ita ake rabawa. Ita da Solomon Linda abu ɗaya ya same su, wani ya ɗauki waƙarsu ya fi su suna da ita. Bambancin ita ta iya karatu, tana da lauya, tana ƙasar da doka ke kallonta a matsayin cikakken mutum, shi kuwa baƙar fata ne a Afirka ta Kudu ta wancan lokacin da ko karanta takardar da aka miƙo masa ba zai iya ba.

To mu koma kan zaki. A 1961 wasu samari 'yan Brooklyn, The Tokens, suka je kamfanin RCA da Wimoweh. Furodusoshinsu Hugo Peretti da Luigi Creatore suka kira George David Weiss ya gyara ta, shi kuma ya saurara ya tsinci ɗan karin muryar nan na ƙarshe da na faɗa maka, ya maida shi ƙashin bayan waƙar ya ɗora masa baitocin Turanci, aka samu The Lion Sleeps Tonight. A bayan faifai ma aka sa ta, ba a ɗauka zata yi wani abu ba, sai gata a lamba ɗaya a watan Disambar shekarar. Marubuta a takarda: su ukun nan. Ka ga sauya baitoci irin haka ya wuce abin da dokar santi 2 ta yarda da shi, sai da izinin mai waƙa, amma in ka ce waƙar gargajiya ce ta wasu ƙabilu can a Afirka, ba ta kowa ba ce, to ba wanda zaka tambaya, kuma gyaran da ka yi ya zama naka. Kalmar "gargajiya" ɗin nan ta ci mutane da yawa.

Linda ya rasu a 1962 da ciwon ƙoda, abin da ke asusunsa bai wuce kimanin dala 25 ba, sai bayan shekara 18 aka samu aka kafa masa dutse a kabari. Don adalci, Pete Seeger daga baya ya aika da dala 1,000 kuma yace ya umarci kamfaninsa su riƙa tura kasonsa ga iyalin, ɗan abin da ke isa Soweto inda iyalin suke zaune dai ba ya taka kara ya karya. Waƙar kuwa sai haihuwa take, Tight Fit suka kai ta lamba ɗaya a Ingila a 1982, Disney suka sa ta a katun a 1994, sai wasan dandamali, sai tallace-tallace.

A shekarar 2000 wani ɗan jarida ɗan Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin kuɗin ya rubuta dogon rahoto a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara wajen dala miliyan 15, alhali 'ya'yan mai ita mata suna zaune cikin talauci. Daga nan lauya Owen Dean ya shiga, kuma dabarar da ya yi ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Takardun sayarwa suna nan da sa hannu, ta nan ba hanya. Sai ya tono wata tsohuwar dokar mallaka ta daular Ingila ta 1911 wadda ta yi aiki a Afirka ta Kudu, a cikinta akwai wani sashe da yace ko marubuci ya sayar da haƙƙinsa, shekara 25 bayan mutuwarsa haƙƙin zai dawo hannun magadansa. Lissafa, 1962 a ƙara 25, tun 1987 kenan waƙar ta koma gidan Linda a ƙasar ba wanda ya sani. Wato dokar Turawan mulkin mallaka ce ta zo ta ceci Bazulu. Kuma tunda Disney a Amurka suke, don kotun Afirka ta Kudu ta samu hurumi a kansu sai lauyoyin suka sa aka riƙe tamburan kasuwancin kamfanin da ke rajista a ƙasar, har da na Mickey Mouse, kamar dai yadda ake riƙe akuyar mutum sai ya zo gaban alƙali. An shigar da ƙara a 2004, a Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music da ke riƙe da waƙar ya sasanta, aka biya kuɗin da ba a bayyana adadinsu ba, aka amince a riƙa sa sunan Linda cikin marubuta.

Kar kuma a ɗauka kullum layin a miƙe yake, wannan na asali wancan ɓarawo. Ɗauki Waka Waka ta Shakira ta gasar cin kofin duniya ta 2010. Duk wanda ya girma a shekarun 1980 da 1990 yana jin amshin ya san Zangalewa ce ta Golden Sounds 'yan Kamaru, 1986, bidiyon nan da suke shigar tsofaffin sojoji da farin gemu, an cusa matashin kai a ciki da mazaunai ana tafiya ana rangaji. Su kansu dogaran fadar shugaban ƙasa ne. Waƙar ta isa Kolombiya tuntuni ta hannun masu manyan lasifikoki a garuruwan bakin teku irin Barranquilla, garin su Shakira, don haka ba daga sama ta tsince ta ba. An yi surutu, aka sasanta ba a je kotu ba, aka sa sunayensu cikin marubuta. Amma fa su ma Golden Sounds ba su suka ƙirƙiri amshin daga babu ba, waƙar maci ce da sojoji da 'yan sikawut ke yi tun kafin su, su suka tsara ta suka sa ta a faifai. To waye mai ita? Sojan da ya fara rera ta a bariki ba wanda ya rubuta sunansa.

Wadda ta fi bani dariya ma ta Indiya ce, tunda mu nan an sha yi wa 'yan fim ɗinmu da masu bandiri gorin ɗaukar karin waƙoƙin Indiya. Jumma Chumma ta fim ɗin Hum na Amitabh Bachchan, 1991, da Tamma Tamma ta Thanedaar, 1990, wadda Sanjay Dutt da Madhuri Dixit suka taka, duk biyun daga waƙa ɗaya aka ɗebo su, Tama ta Mory Kanté ɗan ƙasar Gini, mai kiɗan kora, ɗan gidan makaɗa gaba da baya, tana cikin kundinsa Akwaba Beach na 1987. Har cacar baki aka yi a Bombay tsakanin masu kiɗan fina-finan biyu kan wa ya riga wa, a kan kayan da ba na ɗayansu ba. Mu kuma muna gidan kallo muna tafi, kiɗan maƙotanmu ne ya je Indiya ya sa sari ya dawo mana bamu gane shi ba.

Ita kuwa yarjejeniyar gidan Linda ba ta har abada bace, ta ƙare a ƙarshen 2017, don haka da Disney suka sake fitar da sabon The Lion King a 2019 da waƙar a ciki, iyalin suna gefe suna kallo. A 2020 Beyoncé ta fitar da fim ɗinta Black Is King a manhajar Disney ɗin dai, a ciki ta sa Mbube, ainihin ɗaukar 1939 da ƙarar faifan da komai, da sunan Solomon Linda a rubuce.

Na kunna wa yaran ita a daren nan bayan katun ya ƙare. Sun yi shiru na ɗan lokaci suna jira, ƙaramar tace Kawu wayarka ta lalace ne take wannan ƙarar, babban kuma sai da aka zo ƙarshen nan ya zabura yace laa, ai ita ce, maido baya.